Gwaggo Mai Rediyo

Daga Allah muka fito, gare shi kuma kowa zai koma. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, ta rasu da hantsi ranar kasuwar Cadawa, kaka ta yi, ana ta jigilar damman gero daga gona.

Ina cikin aji ƙanena ya tsayar da moto, wato babur, a bakin taga. Bai sauko ba, bai kashe moton ba, sai ya yafuto ni da hannu. Na gane tun bai buɗe baki ba. Duk da haka na juya na ƙarasa jimlar da nake rubuta wa yara a allo, na sa aya, na kaɗe alli daga hannuna, sannan na je na gaya wa direktan lakol, shugaban makarantarmu. Shi ne ya yi salati. Ni na tsaya ina kallon wani ƙudan zuma da ke bugun taga.

Har yanzu da nake wannan rubutu ban yi kuka ba. Ba taurin zuciya ba ne. Jikina ne kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, kana taɓa ta kana jin kamar ta wani ce.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Wata yarinya daga cikin waɗanda Gwaggo ta koya wa aiki ce ta karanta sanarwar a gidan rediyon garinmu. Waɗanda suka ji sun ce ta fara lafiya, ta kawo wurin suna ta tsaya. Aka yi shiru a rediyo, shirun da har wasu suka riƙa bubbuga akwatinsu suna zaton pil ne, wato batir, ya ƙare. Daga baya mai kula da na'ura ya sa karatun Alƙur'ani, kowa ya fahimta.

Da azahar ƙofar gidan ta cika da amalanken jakuna. Mata ne suka fi yawa, kuma yawancinsu ban taɓa ganinsu ba. Daga ƙauyukan Gazawa, daga wajen Sae Sabuwa, har da wasu tsofaffi biyu da suka biyo motar hatsi daga Gidan Rumji. Wasu sun bar kayansu a kasuwa a hannun maƙwabta. Suna shigowa suna cire takalmi, su zauna duk inda suka samu, su ce, “Ya haƙuri?” Ni kuma in ce, “Haƙuri sai ma'aiki.” Na faɗi haka har bakina ya riƙa faɗa ba da sanina ba.

Wata tsohuwa mai tsagar Gobirawa ta riƙe mani hannu lokacin da ake shirin rufe likkafani.

“Ɗiyata, don Allah ku bar ni in ga fuskarta. Tun ina goyon ɗan fari nike jin ta, ban taɓa ganin ta ba.”

Masu wanka suka dubi juna, suka ɗaga mata. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ashe 'yar ƙarama ce. Ni na aza wata gandamemiya ce.” Ta saki mayafin, ta koma ta zauna.

Can bakin garka, wato ƙofar gida, wata Bafulatana ta ajiye ƙwaryar nono, ta zauna ita kaɗai, ba ta yi wa kowa gaisuwa ba. Ita kam na san ta. A waje kuma, cikin maza, mahaifina yana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, ba ya ja. Mutane suna miƙa masa hannu yana karɓa.

Na rubuta wannan ne don 'ya'yana da 'ya'yan ƙannena, waɗanda suka san ta tsohuwa mai ciwon ido da yawan tambaya, ba su san ko wace ce ba.

Gwaggo tana cikin 'yan matan farko da aka kai lakol daga ƙauyenmu. Ta ce kakanmu ya ba da ita ne don ta ishe shi da surutu, ya ce a kai wa nasara, wato Bature, ya ji da ita. Ta yi aure, mijin ya rasu da ƙuruciya, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, ba ta kuma sake aure ba duk da zaryar da aka yi. Aikinta na farko shi ne koya wa manyan mata karatu. A wancan zamani akan buga wata 'yar jarida ta Hausa, shafi kaɗan, tawada tana kama hannu. In ta iso sai Gwaggo ta tara mata a gindin gawo ta karanta masu. Wata rana wata mata ta ce, “To, mu ba mu da labari ne? Kullum na maza da taki da awon gyaɗa?” Gwaggo ta ce wannan tambayar ce ta sa ta aikin jarida, ba wani buro ba, wato ofishin gwamnati.

Da aka zo neman wanda zai riƙa ɗauko maganar mutanen karkara don rediyo, maza aka tara. Ita ta je ba a kira ta ba. Aka ce mata rikoda tana da nauyi, hanya da nisa, kuma mace ba ta shiga fada ta yi tambaya. Ta ce, “Ku kuma kuna shiga cikin gida ku tambayi matan aure?” Aka ba ta rikodar.

Shekaru ta yi tana yawo da ita a cikin kwando, lulluɓe da zane saboda yashi. Ta hau jaki, ta hau amalanke, ta taka da ƙafa. In kaset ya cika sai ta ba direban motar Maradi, a yi makonni kafin a ji shi. Sau da yawa ba a ma sa shi. Sai da aka buɗe gidan rediyon karkara a garinmu sannan ta samu shiri nata, da yamma bayan la'asar, lokacin da mata ke gindin murhu. Wani malami ya yi wa'azi a kanta, ya ce muryar mace ba ta fita waje. Ba ta mayar masa a rediyo ba. Gidansa ta je, ta durƙusa a zaure, ta gaishe shi, ta ce tana da tambayoyin mata a kan wanka da gado da iddah, waɗanda kunya ke hana su kawo masa, ko zai taimaka ya amsa a cikin wannan akwati? Ya amsa. Ya ci gaba da amsawa har ƙarshen ransa.

Tana da halayenta na aiki da ba ta saɓa su. Ba ta fitar da rikoda da zuwanta. Sai ta cire takalmi, ta karɓi taɓarya ko ta zauna ɓarar gyaɗa, a yi hirar ruwa da ta ciwon baya, sannan ta ce, “In kunna?” Takan ce, “Ba a tambayar mace tana tsaye.” Kuma kullum ita ce a ƙasa, in mai magana tana kan kujera ita tana kan tabarma, in tana kan tabarma ita tana kan yashi. In ta yi tambaya sai ta ja bakinta ta rufe, ko da shirun zai kai tsawon dafuwar shayi. Pil ɗin da ya mutu ba ta yar da shi, sai ta jera a kan katanga rana ta gasa, ta ce akwai sauran rai a ciki. Na tashi na ga katangarmu kullum da pil a jere kamar ana shanya kuɓewa.

A gida kuma abin da ya fi damun kowa da ita shi ne ba a ce mata “an ce”. Kana cewa an ce wance ta yi kaza, sai ta ɗago.

“Wa ya ce?”

“Mutane.”

“Mutane ba su da suna? Ke kin gani?”

Ta kashe hirar gidan suna da ta gidan biki ba adadi da wannan tambaya. Akwai dangin da suka daina zama kusa da ita saboda haka.

Ba zan ce ba ta da laifi ba, don ita ma ba za ta yarda in ce ba. Ba ta iya tuwo ba, kullum da gudaji. Bakinta yana da kaifi, in ta ga wauta ba ta jira a keɓe. Ranar sunan ɗana na fari ba ta zo ba, ta tafi wani ƙauye inda rijiya ta rufta. Ta dawo washegari da ƙura har gira, ta ɗauki jaririn ta yi masa addu'a, ba ta ba ni haƙuri ba. Na riƙe abin a raina shekaru. Ita ko a jikinta.

Babban abin da ya faru a rayuwarta, kuma a gidanmu, ya faru ne a wata shekarar yunwa, ina kolej a lokacin, ina zaune wurinta a gari, iyayena da ƙannena suna ƙauye.

Wanda ba ɗan nan ba sai an yi masa bayani. A al'adarmu, in an gama kaka, maigida yakan zuba geron gandu a rumbu ya rufe, ba a taɓawa sai damina, don a samu abin da za a ci a yi ƙarfin noma. Da rani mace takan ci da kanta da 'ya'yanta daga gamana, wato 'yar gonar da miji ke yanka mata. Mace ba ta leƙa rumbun gandu, ko da wasa. Wannan tsari ya riƙe kakanninmu lokacin da daji yake da faɗi. Amma mutane suka yi yawa, gonaki suka tsuke, gamana ta koma kamar tabarma, wasu matan ma ba su da ita sam. Al'adar rufe rumbu kuwa tana nan yadda take.

A wannan shekara ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta bi abin da ya saura. Mahaifina ya tattara ɗan abin da ya samu ya zuba a rumbu, ya liƙe bakinsa da laka, ya tafi cin rani kudu, ƙetaren iyaka, kamar sauran maza. Ba mugu ba ne. Lissafinsa shi ne in an cinye yanzu, da me za a yi noma? Ya yi niyyar aiko da abinci daga can, aikin bai samu ba. Geron mahaifiyata ya ƙare tun kafin zafi ya yi tsanani. Suka koma dusa da ganyen tafasa da anza, wannan 'ya'yan itacen daji mai ɗaci da sai an jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ya ciwu. Rumbu yana tsakar gida, yara suna wasa a inuwarsa.

Autarmu ta rasu a wannan bazara, ba a daɗe da yaye ta ba. An ce zazzaɓi ne.

Gwaggo ta riga ta fara jin irin wannan labari a ƙauyuka, amma ba matar da ta yarda a ɗauki muryarta. Bayan an share makoki sai ga mahaifiyata ta zo gari da ƙafa. Mace ce marar magana, wadda ko sunan mijinta ba ta taɓa faɗa ba. Ta sha ruwa, ta dubi kwandon da ke rataye, ta ce, “Yaya, kunna abin nan naki.”

Gwaggo ta ce, “Za a gane ki. Ko ban ambaci suna ba, muryarki ba ta ɓuya.”

“A gane ni.”

“Ƙanena zai ji.”

“Shi nike so ya ji. Ban iya gaya mashi ido da ido.”

Gwaggo ta sauka daga kujera ta zauna a ƙasa. Ina daga ɗaki ina jin su. Mahaifiyata ba ta zagi kowa ba, ba ta yi kuka ba. Ta faɗi abin da suke ci, ta faɗi yadda ake jiƙa anza, ta faɗi yadda yarinyar ta daina kuka kafin ta daina numfashi. Ta ce sau da yawa takan tsaya a gindin rumbun ta ɗora hannu a kansa, ta ji ɗumin rana a jikin laka, ta koma ɗaki. Gwaggo ta riƙe kaset ɗin bai fita ba har aka yi Juma'a. Ta sake aikawa a tambayi mahaifiyata ko ta canja shawara. Ta ce ba ta canja ba.

Ranar da aka sa shi ina tsaye a tsakar gida. Daga kowace katanga muryar mahaifiyata ce ke fitowa. Ko sautin taɓarya babu.

Kashegari aka kira Gwaggo wani buro. Wani mai muƙami ya gaya mata cewa ba a yarda a ambaci kalmar yunwa a rediyo ba, tana tayar da hankalin jama'a. Ta ce, “To, ranka ya daɗe, ba ni kalmar da zan sa a madadinta, in kai wa matan su ji ko ta yi daidai da cikinsu.” Aka dakatar da shirinta. Ta dawo gida ta rataye kwandon, ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida har inda ba a sharewa.

Mahaifina ya ji labari a can inda yake, a bakin wani ɗan garinmu, rasuwar da rediyon duk a zama ɗaya. Ya taho. Kafin ya je ƙauye gidan Gwaggo ya fara zuwa, da jakarsa a kafaɗa. Bai yi sallama ba.

“Yaya, kin tona mani asiri.”

“Zamna ka sha ruwa.”

“Ban sha. Uwa ɗaya uba ɗaya, ki ɗauki cikin gidana ki watsa ma duniya? Duk inda na bi ana nuna ni.”

“Ban kira sunanka ba.”

“Wa bai san muryar matata ba? Mi ya hana ki aiko mani? Mi ya hana ke ki tahi ki fasa rumbun, tunda ba ki jin tsoron kowa?”

Gwaggo ta ce, “Ban sani ba sai da aka binne ta. Ina yawon ƙauyukan mutane, ban leƙa namu ba. Wannan nawa ne, zan amsa shi gaban Allah. Amma rumbu ba naka kaɗai ba ne a rufe. In na fasa naka, wa zai fasa sauran?”

Ya ce, “Ɗiyata ce ta mutu, ke kin samu labari.”

Ya juya ya fita. A ranar ya isa ƙauye, ya ɗauki gatari ya fasa bakin rumbun da hannunsa, ya zauna a gindinsa har rana ta faɗi. Bai yi wa mahaifiyata faɗa ba, ko sau ɗaya, har ta koma ga Allah. Amma ƙafarsa ba ta sake taka gidan Gwaggo ba tsawon shekaru. In sun haɗu a wurin rasuwa ko suna, ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa.

Abin da ya biyo baya ba a rana ɗaya ya zo ba. Mata suka riƙa zuwa ƙofar gidan rediyo suna zama, ba su ce komai ba, sai dai a fito a gan su. Malamin nan da ya taɓa yin wa'azi a kanta ya hau mumbari ya ce ciyar da iyali wajibi ne, rufe rumbu kuwa al'ada ce, kuma al'ada ba ta danne wajibi. Da damina ta kama aka mayar mata da shirinta. Wasu masu gari suka tara dattawa aka yanke cewa duk mai tafiya cin rani sai ya auna wa iyalinsa abin da zai kai su, ko ya bar izinin buɗewa a hannun wani. A wasu ƙauyuka mata suka haɗa nasu rumbun na tsimi, kowa ta zuba da kaka, a ɗiba da bazara. Ba ko'ina ba ne. Har gobe akwai inda ake liƙe rumbu a tafi. Amma yanzu abu ne da ake faɗa da baki, mace tana iya kai ƙara gaban mai gari ba a ce ta yi abin kunya ba. Gwaggo ba ta taɓa cewa ita ta yi ba. In an yaba mata sai ta ce, “Ni kunnawa na yi. Wadda ta yi maganar tana ƙauye tana daka.”

Bafulatanar da ta kawo nono ranar rasuwa, labarinta daban ne, kuma ba wanda ya taɓa jin sa a rediyo. Gwaggo ta same ta ne a wata ruga, an yi mata bukka can gefe ita kaɗai. Ta sha doguwar naƙuda, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta samu yoyon fitsari. Da 'yar Fulatancin Gwaggo da 'yar Hausar matar suka fahimci juna, ta yi magana mai tsawo a cikin rikoda. Gwaggo ta dawo tana cewa ba ta taɓa ɗaukar magana mai ƙarfin wannan ba, za ta buɗe idon mutane da yawa. Ana gobe za a sa, sai ga matar a ƙofar gida, ta tsaya nesa saboda kunyar jikinta, ta ce ta ji tsoro, danginta za su ji. Gwaggo ba ta lallashe ta ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kaset ɗin, ta zaro zaren a gabanta har ya taru a ƙasa, ta jefa a murhu. Sannan ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakinta, ba a zaure ba. Ita ta kai ta asibiti a Maradi, ta yi jinyarta har aka yi mata aiki ta warke. Tun daga nan duk shekara in sun sauko da shanu sai ta kawo nono. Ranar rasuwa ta zauna har la'asar, ta tashi ta bar ƙwaryar, ba ta dawo ɗauka ba.

Sulhun Gwaggo da mahaifina ba a yi shi da baki ba. Da idonta ya fara mutuwa, ta bar aiki, wata safiya sai ga shi da amalanke ya sauke damman gero a ƙofar gida, ya tsaya yana gyara igiya. Ta ji motsi ta ce, “Wane ne?” Ya ce, “Ni ne.” Ta ce, “To, shigo mana, ka tsaya kamar mai karɓar haraji.” Ya shiga. Suka yi gardama a kan ko ruwan bana ya kai na bara. Daga nan duk ranar kasuwa yana gidan. Ban taɓa jin sun tayar da tsohuwar maganar ba. Ƙanena ya gaya mani cewa a maƙabarta, da aka ce dangi su sauka kabari su karɓe ta, mahaifinmu ya ture hannun masu riƙe shi ya sauka da kansa. Da aka gama sai da aka ciro shi.

A shekarunta na ƙarshe 'yan matan gidan rediyo sukan zo gaishe ta. Yanzu mata uku ne a can, ɗaya ma ita ce ke shugabantar shirye-shirye, tana hawa moto da kanta, tana ɗaukar magana da wayar salula. Gwaggo takan saurare su da rediyo a kan cinya, in sun zo ta yi masu gyara ba sassauci. “Kin katse tsohuwar nan tana tsakiyar magana. Sauri kike ki tahi ina?” Suna fita suna ƙunƙuni, mako na zagayowa su dawo.

Bayan sadakar bakwai na je gidan rediyon neman muryarta, don yara su riƙa ji. Suka duba ko'ina. A zamaninta kaset tsada gare shi, in an sa shiri sai a sake ɗaukar wani a kansa, a sake, har zaren ya tsinke. Abin da ya rage 'yan kaɗan ne a cikin wani kwali, zafi ya narkar da rabinsu. Muka samu masu aiki muka saurara. Wata tana bayanin yadda ake barin tsiron itace a gona in ana sassabe. Wata ungozoma tana dariya. Wata tana ba da labarin gonar ubanta da 'yan'uwa maza suka hana ta. Muryar Gwaggo kuwa ba ta wuce “To?” da “Sai aka yi yaya?” ba. Na zauna na ji su duka. Yarinyar da ke kunna mani tana share hawaye, ni ina kallon zaren yana juyawa.

Ana saura kaɗan a yi arba'in, ina gidan ina raba kayanta, da hantsi, aka yi sallama. Wata mata ce, ba ta kai ni shekaru ba, da goyo, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ta ce daga wani ƙauye take can bayan Gazawa, nan ne gidan mai rediyo?

Na ce nan ne, amma Allah ya yi mata rasuwa.

Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Rediyonsu ya lalace tun damina, ba wanda ya gaya mata. Ta kwance goyon, ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗaga hannu ta yi addu'a, na shafa. Na kawo mata ruwa ta sha, ta ba yaron. Mijinta ya rasu bara, 'yan'uwansa sun sa gonar marayu a kasuwa, ta je gun mai gari an ce ta jira, har an fara kai masu saye suna zagayawa. Uwarta ce ta ce mata ta zo nan, akwai wata mata da in ta ji magana sai ƙasa duka ta ji.

Ta gyara wa yaron hula, ta ce, “To, yanzu wa zan gaya ma?”

Na dube ta. Ban ji komai a raina ba, kamar yadda ban ji komai ba tun ranar rasuwar. Amma na san hanya. Na shiga na ɗauko mayafina, na rufe ɗakin Gwaggo da kayan a warwatse, na ce mata ta goya yaron, akwai 'yan mata uku a gidan rediyo can bakin kasuwa, ɗaya daga cikinsu za ta zauna ta ji.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya haskaka makwancinta, ya sada ta da 'ya'yanta da suka riga ta. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da kyau.